Yadda Zaka Buɗe Saba a Mastodon, Ka Tara Jama'a, Kuma Ka Iya Riƙe Su

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar da na ambaci cewa ni da wasu abokai muna da 'yar sabarmu (server, wato kwamfutar da take riƙe da dandali) a Mastodon saƙonni basu daina shigowa ba, wannan yace Malam ya ake buɗewa, wancan yace nawa ake kashewa a wata, wata baiwar Allah kuma tambayarta ce tafi tsaya min a rai, tace to idan mutane suka taru suka fara zage-zage wa zai raba tunda babu kamfani a sama? Wallahi ita ta taɓo inda aikin yake. Kafa saba aikin yini ɗaya ne, riƙe mutanen da suka shigo cikinta shine aikin shekaru.

Ga wanda bai san abin ba a taƙaice: Mastodon manhajar sada zumunta ce mai kama da Twitter da wani Bajamushe Eugen Rochko ya fitar a 2016, kowa zai iya ɗaukarta kyauta ya ɗora a sabarsa, kuma sabobin suna magana da juna ta wani tsari da ake kira ActivityPub, kamar dai yadda mai layin MTN yake kiran mai Airtel ba sai ya sayi sim ɗinsu ba. Duk wanda ya tuna watanni bakwai ɗin da aka rufe Twitter a Najeriya, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, da yadda aka ruga Koo, wani dandalin Indiya mai kama da Twitter, sannan ita ma Koo ɗin ta rufe a 2024, ya san dalilin da yasa mutum zai so gidan kansa. Ga matakan a jere, kuma dan Allah a bi su a jeren, don yawancin waɗanda suka sha wahala daga mataki na uku suka fara.

1. Nemo mutum biyu tukuna

Kafin ka kashe ko sisi, samo mutum biyu da zasu riƙe gidan tare da kai. Ɗaya wanda ya ɗan san kwamfuta, wanda idan kana kwance asibiti ko wayarka ta faɗa ruwa zai iya shiga ya tada saba, ɗayan kuma ba sai ya san komai na fasaha ba, mai haƙuri ake so wanda mutane suke jin maganarsa. Idan da hali a samu mace cikin ukun, domin akwai koken da mace bazata taɓa kai wa namiji ba, zata dai tattara ta bar muku gidan shiru baku san me ya kore ta ba.

Ku zauna ku amsa tambaya ɗaya: gidan na su waye? "Na duk Hausawa" ba amsa bace, ya yi faɗi da yawa. Marubuta, ɗaliban kiwon lafiya, manoma da masu kiwo, masu koyon rubuta manhaja, 'yan gari ɗaya da suke zaune a waje, irin wannan ake nufi. Mutum yana dawowa ne inda ya san zai tarar da hirar da ta shafe shi.

Gargaɗi: kada ka ce zaka fara kai kaɗai daga baya ka nemo mataimaka. Hannu ɗaya baya ɗaukar jinka. Saba irin mastodon.technology da ta daɗe tana da dubban mutane an rufe ta a ƙarshen 2022 saboda nauyin ya yi wa mai ita yawa, mastodon.lol ma ta bi sahu a 2023 bayan rigima ta gajiyar da admin ɗin.

2. Zaɓen suna

Sunan domen, wato adireshin sabarku a intanet, shine zai maƙale a bayan sunan kowane ɗan gidan, kamar @wane@sunanku.ng, to a zaɓi gajere mai sauƙin faɗa a baki, kuma a guji ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa don ba kowane kibod ke da su ba. Domen na .com yana kamawa wajen dala 10 zuwa 15 a shekara, na .ng da .com.ng kuma ana saye da naira wajen dillalan da NiRA, ƙungiyar da take kula da domen ɗin .ng, ta amince da su, wanda hakan sauƙi ne babba ga wanda bashi da katin dala.

Gargaɗi, kuma wannan babba ne: ba a canja domen bayan saba ta fara aiki. Idan ka canja, a idon sauran sabobin duniya wani sabon gida ne daban, duk mabiyan mutanenka sun tafi. Haka idan ka manta baka sabunta ba wani ya saye. Ka biya shekara biyu ko uku lokaci ɗaya idan aljihu ya yarda, ka sa tunatarwa a wayar mutum biyu. Sannan ka guji domen na kyauta, a 2023 da gwamnatin Mali ta karɓe ragamar .ml daga hannun kamfanin da yake rabawa kyauta akwai sabobin da suka wayi gari babu suna.

3. Inda za a ajiye sabar, da abin da za a kashe

Hanya biyu ce. Ta farko ka biya masu riƙe maka komai, irin Masto.host, su ɗora, su sabunta, su yi ajiyar kwafi, kai naka kawai kula da mutane. Ƙaramin tsarinsu bai kai dala 10 a wata ba, yana hawa gwargwadon yawan masu amfani. Duk wanda ya tambaye ni wannan nake nuna masa, sai dai in dama aikinsa kenan.

Ta biyu ka yi hayar VPS, wato kwamfutar haya a intanet, wajen irin su Hetzner ko DigitalOcean ka ɗora da hannunka. Mastodon tana da ci, tana tafe da wasu manhajojin, PostgreSQL da Redis da Sidekiq, RAM 2GB zai ɗauke ta da ƙyar, 4GB shine kwanciyar hankali. Bayan VPS ɗin akwai abu biyu da mutane suke mantawa dasu a lissafi. Na ɗaya wurin ajiye hotuna da bidiyo, irin Backblaze B2 ko Cloudflare R2, na Backblaze a 2024 wajen dala 6 ne a wata kan terabait guda kuma ƙaramin gida bazai cika shi da wuri ba. Na biyu hanyar tura imel, domin idan saƙon tabbatarwa bai isa ba mutum bazai iya kammala rijista ba, zai ɗauka abin ne baya aiki ya tafi. Ka gwada da Gmail da Yahoo duka kafin ka gayyaci kowa, ka leƙa har cikin akwatin spam.

Idan ku kaɗan ne, iyali ko abokai goma, akwai wata manhajar mai suna GoToSocial, bata da nauyi ko kaɗan kuma tana magana da Mastodon lafiya lau.

Gargaɗi: sabarka tana kwafo hoton duk wani fostin da ya iso mata daga waje ta ajiye, to ko mutanenka basu ɗora komai ba zaka ga faifai yana cika. Mu a watanmu na biyu haka muka tashi da safe komai ya tsaya cak, ashe faifan ne ya cika maƙil da hotunan mutanen da bamu ma sani ba. Shiga Administration, Server settings, Content retention, ka sa kwanakin ajiyar hotunan waje kamar 7 ko 14, ko ka riƙa gudanar da umarnin tootctl media remove a cikin sabar lokaci-lokaci. Amma akwatin da yake goge rubutun waje ɗin kansa kada ka taɓa shi, yana tafiya da abubuwan da mutanenka suka adana da waɗanda suka yaɗa, kuma basa dawowa.

4. Rubuta dokoki kafin mutum na farko ya shigo

Tun ran gini tun ran zane. Dokokin da ka sa a Server rules su ake nuna wa mutum lokacin rijista, kuma su ne suke fitowa a matsayin zaɓi idan wani zai kai ƙara, saboda haka a yi su gajeru, biyar zuwa takwas, da Hausar da kowa zai gane, a ƙara fassarar Turanci a ƙasa saboda admin ɗin wasu sabobi zasu leƙo su karanta kafin su yanke ko zasu yi hulɗa da ku.

Kada ka kwafo na wata sabar Turai ka liƙa kawai. Ka zauna ka tuna abin da yake tarwatsa guruf ɗinmu na WhatsApp da Facebook, shi zaka rubuta a kai. Namu ga abin da suka ƙunsa: a yi muhawarar addini da hujja amma ba kafirta mutum ba zagin malamin wani, ba gorin ƙabila ko gari ko asali, ba a ɗora hoton mace ko lambar wayarta ko hirarta ta sirri ba da izininta ba, hoton gawa ko hatsari ko hari dole a rufe shi da alamar gargaɗi, labarin tsaro sai da inda aka samo shi, ba tallan "turo dubu biyar ka karɓi hamsin", neman taimakon mara lafiya kuma sai ya biyo ta hannun modareta, wato mai sa ido kan dokokin gida, an tabbatar. Wannan ta ƙarshen da farko wasu sun ga kamar mun tsananta, amma ita ta sa idan aka ɗora neman taimako a gidanmu mutane suke bayarwa hankali kwance.

"A mutunta juna" kaɗai ba doka bace, kowa zai ce ai shi mutuntawa yake. A faɗi aikin da aka hana da sunansa. Sannan a rubuta matakan hukunci a fili a shafin bayanin saba, me ake yi a karo na farko, me ake yi a na biyu, me ake kora a kai nan take.

Idan kana so a saka ku a jerin joinmastodon.org, shafin da sababbin shiga suke zaɓar saba, akwai alƙawari huɗu da suke nema: yaƙi da wariyar launin fata da ta jinsi da cin zarafin 'yan luwaɗi da masu sauya jinsi, ajiyar kwafi kullum, mutum na biyu mai iya shiga saba a lokacin gaggawa, da sanarwar wata uku kafin rufewa. Ku karanta ku tattauna tsakaninku da gaskiya kafin ku nema, kuma ba dole sai kuna jerin ba sabarku zata yi aiki.

5. Gyara ƙofa

A Registrations zaɓi uku ne: a buɗe ga kowa, sai an amince, ko a rufe sai da gayyata. Watan farko ka bar ta a rufe, ka riƙa ƙirƙiro linkin gayyata mai iyaka, misali mutum biyar cikin mako ɗaya. Bayan nan ka koma "sai an amince" ka kunna akwatin da yake tilasta mutum ya rubuta dalilin shigowarsa. Mu muna cewa a rubuta layi biyu da Hausa, wa ya gaya maka labarinmu, me kake so ka riƙa tattaunawa. Wannan 'yar tambayar kaɗai tana tace 'yan damfara fiye da duk wata na'ura, amma ku riƙa duba masu jira aƙalla sau biyu a rana, wanda ya jira kwana uku ba a buɗe masa ba ya riga ya manta da ku.

Gargaɗi: kada ka bar ƙofa a buɗe ka tafi barci. A Fabrairun 2024 'yan spam sun bi ƙananan sabobi masu buɗaɗɗiyar ƙofa suka buɗe akawun barkatai suka riƙa watsa shirme duniya, sabobi da yawa da basu ji ba basu gani ba aka toshe su saboda haka. Tun daga lokacin Mastodon da kanta take mayar da ƙofa zuwa "sai an amince" idan ta ga mako guda babu modaretan da ya leƙo.

Wani gargaɗin da ya shafe mu musamman: akwai wurin toshe adireshin IP, wato lambar da na'ura take shiga intanet da ita, kada ka yi saurin amfani da shi. Kamfanonin layin waya suna haɗa mutane masu yawa a kan IP ɗaya, garin korar mutum ɗaya sai ka rufe wa rabin gari ƙofa.

6. Cika gidan, a hankali

Nan ne mutane suke karaya. Sabuwar saba fayau take, babu wata na'ura da zata turo wa mutum bidiyon barkwanci don ya zauna, abin da ka bi shi zaka gani, kuma sabarka bata san da wani fostin na waje ba sai wani daga cikinku ya bi mai shi ko an yaɗo shi. To kafin gayyata ku ukun nan ku bi mutane masu amfani a wasu sabobi kamar ɗari ko fiye, ku bi hashtag ɗin da suka shafi harkarku, ku yi mako ɗaya kuna rubutu kullum, don baƙo ya tarar da tabarma a shimfiɗe.

Sannan ku gayyato mutane a rukuni, ba ɗai-ɗai ba. Mutum goma da suka riga suka san juna, su shigo rana ɗaya, sun fi mutum ɗari da aka tsinto daga talla. Wanda ya shigo shi kaɗai zai yi sallama ya ji shiru ya fita. Duk sabon shigowa a ce ya gabatar da kansa, ku kuma ku amsa masa a ranar, ku yaɗa, ku nuna masa mutum biyar da zai bi. Akwai wani dattijo malamin makaranta da ya shigo mana, rubutunsa na farko "Salamu alaikum, ko akwai kowa?" kawai, cikin minti goma mutum shida suka amsa har da mai tambayarsa ya jikin gwiwa don ɗansa ya faɗa mana, yau shi ne yake buɗe mana hira kowace asuba da karin magana guda a ce kowa ya kawo fassararsa.

Ƙananan abubuwa da suke taimakawa: a koya wa kowa ya zaɓi Hausa a matsayin harshen fostin ɗinsa don masu tace harshe su same shi, a tsayar da hashtag ɗaya ko biyu da kowa zai riƙa sawa tunda binciken rubutu baya kamo fostin ɗin mutum sai shi ya kunna izini, a sa rana ɗaya a mako ta wani abu tsayayye kamar tambaya da amsa daren Juma'a. Masu Android su gwada Tusky ko manhajar Mastodon ɗin kanta, a nuna musu inda ake kashe kunna bidiyo da kansa saboda data. A kuma koya musu rubuta bayanin hoto saboda makafi masu amfani da manhajar karantawa, mutanen can suna ɗaukar wannan da muhimmanci kuma gaskiyarsu ne.

Wanda yake da akawun a wata saba zai iya ƙaura zuwa taku da mabiyansa, sai dai tsofaffin rubutunsa basa biyo shi, kuma sai bayan kwana 30 zai iya sake wata ƙaurar, a gaya masa tun kafin ya danna.

Gargaɗi: akwai abin da ake kira relay mai kwararo muku rubutun wasu sabobi don gida ya yi kamar a cike. Babba zai cinye muku faifai da kuɗi ya cika muku gida da hirar da ba taku ba. In dole ne a ɗauki mai kawo hashtag guda. Kuma ni a ganina kada yawan mutane ya wuce abin da modaretocinku zasu iya sanin sunayensu, idan kun ga ana shigowa da yawa ku rufe ƙofa ku ƙara modareta tukuna.

7. Idan aka kawo ƙara

A Roles ka ba mataimakanka matsayin Moderator, ba Admin ba sai wanda yake taɓa saituna, kuma kowa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a akawun ɗinsa. Idan ripot ya shigo ga yadda muke bi.

Da farko wanda ya gani ya danna ya ɗauki ƙarar a sunansa don kada mutum biyu su yanke hukunci biyu. Sai ya karanta hirar tun daga tushe, ba guntun da aka kawo kaɗai ba, sau da yawa wanda ya kawo ƙarar shi ya fara tsokana. Sai ya duba tarihin mutumin, ya rubuta abin da ya gani a wurin ajiye bayani na cikin ripot ɗin don na bayansa ya samu. Sannan hukunci, daga ƙasa zuwa sama: gargaɗi kawai, ko goge fostin ɗin, ko tilasta rufe hotunansa da alamar gargaɗi, ko Limit wanda yake ɓoye shi daga idon jama'a sai masu binsa, ko Freeze wanda yake hana shi amfani da akawun ɗin amma rubutunsa na nan, ko Suspend wato kora, wanda bayan kwana 30 bayanansa suke gogewa gaba ɗaya. Kowane hukunci a haɗa shi da saƙo mai faɗin lambar dokar da aka taka. Mutum yana da kwana 20 ya ɗaukaka ƙara, kuma wanda ya yanke hukuncin farko ba shi zai saurari ɗaukakawar ba.

Abin da na koya da wahala shine yawancin rigimar 'yan gida bata buƙatar maɓalli ko ɗaya. Wasu mutum biyu sun taɓa kaurewa a kan maganar ganin wata, tun ana kawo hujja har aka koma "ku dama haka kuke", ripot huɗu cikin awa ɗaya. Abokiyar aikinmu ta ce a bar mata, ta tura wa kowannensu saƙo a gefe, ta fara da gaisuwa da tambayar iyali, sannan ta ce Malam wannan layin naka na uku ya taɓa doka ta ɗaya, ka cire shi da hannunka ya fi a ce mu muka cire. Duk su biyun suka goge, ɗayan har ya ba da haƙuri a fili. Da mun tsawata musu a gaban jama'a da girman kai bazai bar su su sauko ba. Amma wannan sassaucin na rigimar ra'ayi ne. Mai barazana, mai bin mace da saƙo bayan ta ce ya bari, mai yaɗa hoton tsiraici, ɗan damfara, waɗannan kora ce nan take ba zama.

Gargaɗi: idan rigimar da kai ake yi, ko da ɗan uwanka ko malaminka, cire hannunka ka miƙa wa wani. Ranar da mutane suka ga admin yana hukunta abokin gardamarsa, ranar gidan ya fara mutuwa. Kuma kada a taɓa faɗa wa wanda aka kai ƙara sunan wanda ya kai shi.

Idan mai laifin ɗan wata saba ce, hukuncinka a gidanka kaɗai yake aiki, bazaka iya korarsa daga can ba. Akwai zaɓin tura kwafin ƙarar ga admin ɗinsu, a yi amfani da shi idan sabar ta mutanen kirki ce, idan kuwa gidan 'yan iska ne kada a tura, tamkar ka nuna musu wanda zasu far wa ne.

8. Hulɗa da sauran sabobi

A Moderation, Federation, zaka iya ɗaukar mataki a kan saba sukutum. Limit yana ɓoye mutanenta daga shafukan jama'a amma wanda yake bin wani a can zai ci gaba da ganinsa. Suspend yana yanke komai, duk wata alaƙar bi tsakanin mutanenka da nasu ta tsinke, kuma ko ka janye daga baya bata ɗinkuwa da kanta. Daga sigar Mastodon ta 4.3 ana sanar da wanda abin ya shafa har ya sauke jerin waɗanda ya rasa, amma ɓacin ran yana nan.

Saboda haka ƙa'idarmu: mutum ɗaya ya yi laifi, a hukunta shi kaɗai a sanar da admin ɗinsa. Admin ya yi shiru ko abin ya yawaita, Limit. Suspend sai gidan da aka gina shi don cin zarafi ko ƙazanta, irin yadda sabobi da dama suka toshe Gab, wani dandalin Amurka da ya yi suna wajen kalaman ƙiyayya, a 2019 da ta shigo da manhajar Mastodon. Irin waɗannan tun ranar farko ake toshe su, ba sai sun taɓa wani naka ba. Ƙungiyar IFTAS mai tallafa wa modaretoci tana da gajeren jerin mafi muni, ana shigo da shi ta fayil ɗin CSV.

Gargaɗi: kada ka kwaso dogon jerin wani ka zuba ba ka duba ba, wasu sunayen rigimar admin biyu ce ta shekarun baya da bata shafe ka ba. Haka abin da ake yaɗawa a hashtag ɗin FediBlock, inda ake kiran a toshe wane da wane, ka je ka gani da idonka tukuna. Maganar Threads ta kamfanin Meta kuma, wasu sabobi sun toshe ta wasu sun bari, ku tambayi mutanenku ku yanke tare ku rubuta dalili. Ka tuna kai ma ana kallonka, mutum ɗaya naka da ka ƙyale yana zagin mutane a waje zai iya jawo a toshe gidan duka.

9. Sirri da doka

Gaya wa mutanenka gaskiya tun farko: saƙon sirri a Mastodon ba a kulle yake kamar na WhatsApp ko Signal ba, mai riƙe da saba zai iya gani in ya so, haka na sabar da aka tura wa. Kai kuma amana ce a wuyanka, imel ɗin mutane da IP ɗinsu suna hannunka, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanai ta 2023 ga dokar laifukan intanet ta 2015 da aka gyara a 2024. Kwafin ajiya a kulle shi da kalmar sirri. A 2023 hukumar FBI ta Amurka ta ɗauke kwamfutar wani admin na sabar Kolektiva.social a daidai lokacin da kwafin bayanan mutane yake kanta a buɗe.

Abu mafi muni da zai iya faɗo maka shine hotunan lalata da yara daga wata saba, masu bincike na jami'ar Stanford sun nuna a 2023 cewa matsalar tana nan a wannan duniyar. Idan ka gani kada ka sauke, kada ka tura wa kowa ko da sunan shaida, ka yi Suspend na sabar gaba ɗaya, ka tabbatar hoton ya fita daga ma'ajiyarka, idan ɗan gidanka ne kuma ka rubuta sunan akawun da lokaci ka kai wa hukuma.

10. Kuɗi, hutu, da ranar da zaka gaji

Daga wata na uku ka fara faɗa wa jama'a abin da ake kashewa, a rubuce, kowane wata: saba kaza, ma'ajiya kaza, domen kaza, an samu kaza, saura kaza. Turawa suna amfani da Patreon ko Ko-fi ko Open Collective, mu asusun banki ɗaya muka ware wanda mutum biyu suke gani, masu hali suna sa abin da ya sauƙaƙa, kuma tunda da dala ake biya muna ƙoƙarin a samu kuɗin wata uku a ajiye saboda canji. Wanda ya ba da kuɗi bai sayi sassaucin doka ba, a faɗi wannan tun kafin a karɓa.

Modaretoci su yi karɓa-karɓa, kowa da kwanakinsa, wanda ba ranarsa ba ya kashe sanarwa ya huta. Lokacin zaɓe da azumi da duk ranar da wani babban abu ya faru a ƙasa a ƙara hannu, nan ne ripot yake ninkuwa. Sau ɗaya a wata uku a gwada dawo da kwafin ajiya a wata na'ura a ga ko da gaske yana tashi, kuma idan Mastodon ta fitar da gyaran tsaro a ɗora a ranar.

Idan ka ji ka gaji, faɗa wa abokan aikinka tun da wuri. A fara neman wanda zai karɓa a cikin gida, a miƙa masa domen da saba da asusun imel da kalmomin sirri, a sanar da jama'a sunan sabon mai riƙo don wanda bai yarda da shi ba ya ƙaura da bayanansa. Idan ba a samu ba, a rufe rijista, a ba da sanarwar wata uku, a liƙa bayanin yadda ake ƙaura mataki-mataki da sunayen sabobi biyu ko uku da kuka yi magana da admin ɗinsu, a bar sabar a kunne har ranar ƙarshe domin ƙaura bata yiwuwa idan ta mutu. Ranar rufewa a gudanar da tootctl self-destruct don sauran sabobi su san an tashi, domen ɗin kuma a ci gaba da biyansa ko shekara biyu ne, kada wani ya saye ya riƙa amfani da sunayen mutanenku.